LIKITAN SHANU NA TALABIJIN DA NAMU NA BAKIN TIRELA

Muna roƙon Edita ya ba mu fili a wannan fitowa domin mu tofa albarkacin bakinmu a kan wani abu da mai karatu zai ce bai shafi sana'armu ba, wato wasan kwaikwayo na talabijin. A yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, za a ga ashe maganar aljihunmu ce gaba ɗaya.

Duk wanda ya san fataucin shanu ya san rabinsa jira ne. A jira ranar kasuwa, a jira tirela, a jira takarda, a jira kuɗin da ke hannun mahauta a Kumashi. To a irin wannan jira ne, a zauren wani mai gidanmu a Bawku, ɗaya daga cikin yaranmu da ya yi makarantar boko ya kunna mana wani wasan Turawan Ingila a wayarsa, yana yi mana tafinta. Da farko mutum huɗu ne ke leƙe, kafin kwana uku sai da aka nemo babban akwati aka jona, domin zaure ya cika. Daga baya muka tarar labarinsa ya riga mu zuwa Yendi, kuma da muka sauka Salaga muka ji ana musu a kansa a wurin mai shayi.

Sunan wasan All Creatures Great and Small, ma'ana dukkan halittu manya da ƙanana. An ɗauko shi ne daga littattafan wani likitan dabbobi mai suna Alf Wight, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 1995, ya yi aikinsa a wani ƙaramin gari da ake kira Thirsk a lardin Yokshaya, yana kuma rubutu da sunan James Herriot. Gidan BBC ya fara nuna shi daga 1978 zuwa 1990, sannan gidan Channel 5 ya sake shirya sabo a 2020, wanda shi ne muka kalla. Labarin ya soma a 1937. Wani saurayi ne da ya gama karatun likitan dabbobi ya samu aiki a ƙauye, a ƙarƙashin wani babban likita mai saurin fushi amma mai kirki. Babu harbi, babu duka, babu tseren mota. Yau saniya ta kasa haihuwa, gobe doki ya kwanta, jibi manomi ya ƙi biyan kuɗin magani. Shi ke nan wasan. Amma wallahi mun ga dattawa masu furfura sun bar shayinsu ya huce saboda shi.

ABIN DA 'YAN KALLO SUKA CE

Mun kasa masu kallon nan kashi uku.

Kashi na farko su ne 'yan dariya. Abin da ya fi burge su shi ne wani ɗan guntun kare na wata attajira, wanda ake ɗora shi a kan matashi, ana ba shi nama da kayan zaƙi har ƙiba ta kwantar da shi, uwargijiyarsa kuma tana kiran likita kawun karen. Wani yaron mota ya ce, "Alhaji, wannan kare ai ya fi mu jin daɗin duniya!" Aka yi dariya, aka wuce. Ba mu ga laifinsu ba, kowa da abin da ya kai shi kasuwa.

Kashi na biyu su ne masu cewa tatsuniya ce kawai. Hujjarsu ita ce, wane likita ne za a buga wa waya tsakar dare, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ya tashi ya tafi rugar talaka, ya tuɓe riga, ya kwanta a kan kashin shanu, ya zura hannu har kafaɗa yana juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa? Wani ɗan'uwanmu daga Yendi ya ce shekararsa 30 yana wannan sana'a, bai taɓa ganin malamin dabbobi ba sai da hatimi a hannu, a bakin tirela, ranar lodi. Mutane da yawa suka ce gaskiyarsa.

Kashi na uku ba su ce komai ba sai da aka zo wani wuri. A wurin nan an kawo wani bijimi wajen baje-kolin dabbobi za a sayar. Bijimin na gidan su yarinyar da likitan ke so ne, kuma gidan na matuƙar bukatar kuɗin. Mai saye ya nemi likita ya duba masa. Likita ya duba, ya ga aibi, ya faɗi gaskiya, ciniki ya watse. Nan zaure ya kaure. Wani dillali ya miƙe tsaye ya ce, "Wannan ai mai ɓata ciniki ne! Da a kararmu ya yi haka, da bai sake taka ta ba." Sai wani dattijo mutumin Salaga, wanda tun da aka fara kallo bai buɗe baki ba, ya ce da shi, "To ɗana, ai shi ya sa ba mu da irinsa." Aka yi tsit.

Wannan magana ta dattijo ita ce ta hana mu barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Ra'ayinmu shi ne, likitan kirki ba ya zama a kasuwar da ba ta iya jin mummunan labari. Muna son wanda zai tashi tsakar dare dominmu, amma ba ma son wanda zai ce mana kada a ɗora waccan karsana a mota. Alhali kuwa mutum ɗaya ne. Wanda ya damu da saniyarka har ya bar barcinsa, shi ne wanda ba zai sa hannu a takardar ƙarya ba.

MUN TAƁA GANIN AMFANINSU

Ga masu cewa tatsuniya ce, muna tunatar da su tarihin hanyar da muke bi. Kakanninmu sun san Salaga tun tana kasuwar goro, lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato da jakuna, su sauka ƙasar Gwanja. Daga baya shanu suka zama babbar haja. Ana shigo da su ta wajen Bawku, a kora su da ƙafa zuwa kudu, a bi ta Salaga, a ƙetare ruwa a Yeji, a huta a Prang, a wuce Atebubu har Kumashi. A wancan zamani babu abin da bafatake ke tsoro kamar bushiya. Annobar da ta shigo Afirka ta gabar Eritiriya a 1887 ta iso ƙasashenmu cikin 'yan shekaru, ta share garake, har a wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. A ƙasar Hausa an yi wa wannan annoba laƙabi da Sannu, saboda babu abin da ake ce wa mai shanu sai sannu.

Wa ya kashe bushiya? Ba laya ba ce, ba kuma wayon dillali ba. A farkon shekarun 1930, wato daidai zamanin da wasan nan ke ba da labari, aka kafa cibiyar dabbobi a Pong-Tamale, ana haɗa maganin rigakafi a nan ƙasar. Aka kuma sa wuraren tsare shanu a bakin iyaka, irin su Mogonori da Pusiga a yankin Bawku, da Paga, inda dole garke ya tsaya a duba shi kafin ya shiga ƙasa. Iyayenmu sun ƙi jinin wannan tsarewa, domin kwanaki ne na ciyarwa ba ciniki. A 1962 ƙasashen Afirka suka fara gangamin allura na haɗin gwiwa, cuta ta lafa, aka yi sakaci, ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980, inda ta yi wa Najeriya mummunar ɓarna a 1983. Sai aka sake ɗaura ɗamara a 1986. Mu da muke cikin shekaru hamsin da wani abu yanzu, muna samari a lokacin, mun ga ma'aikatan nan da idonmu. Suna zuwa a kan babur ko tsohuwar mota, da akwatin ƙanƙara, su yini cikin ƙura da rana, suna allura suna huda kunnen saniya don a san an yi mata. Wasu makiyaya na gudu da garkensu cikin daji, su kuma suna bin su. A yankinmu na Afirka ta Yamma an ga bushiya gani na ƙarshe a 1988, kuma a 2011 aka yi shela cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaran da ke kora mana shanu yau ba su ma san kamanninta ba.

Ke nan likitan da ke shan wahala saboda dabbar talaka ba Ingila kaɗai aka yi shi ba. An yi shi a nan, kuma har yau akwai su. Mun san wani ma'aikaci da ke cika tankin babur ɗinsa da kuɗin aljihunsa don ya kai allura ruga. Ba a dai yi masa wasan talabijin ba ne.

LAIFI TUDU NE

Yanzu bari mu taka namu tudun. Yaya muke yi da likita a yau? Mu faɗi gaskiya tsakaninmu, tunda wannan takarda tamu ce. Mun mai da shi mai sayar da hatimi. Ba ma nemansa ranar da muka sayo shanu a Puytenga ko Bitu ko Sinkase. Ba ma nemansa ranar da ɗaya ta fara tari a turke. Sai mota ta zo, direba yana hura oda, sannan mu aika yaro da gudu a kawo takardar izinin tafiya, kuma muna so a rubuta ta ba tare da an zagaya shanun ba. In ya ce sai ya duba, mu ce yana da tsanani. In ya karɓi na goro ya sa hannu, mu ce mutumin kirki ne, bayan ya juya baya kuma mu ce duk haka suke. To in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sannan kowannenmu ya zama likitan kansa. A leƙa jakar kowane bafatake, za a samu sirinji da kwalbar maganin nan mai ruwan ɗorawa, da ƙunshin maganin sammore, waɗanda aka saya a kan tebur a kasuwa, rana ta gama dukansu, ba a san na gaske ne ko jabu ba. Saniya ta yi laushi, a danna mata. Ba a auna nauyinta ba, ba a san ciwon ba. Sammore ne, ko hanta, ko huhu, ko gajiyar hanya, allura ɗaya ce. Abin da muke nema shi ne ta tsaya da ƙafarta har a kai Tulaku ta Ashaiman ko mayankar Kumashi, daga nan ruwan mai saye. Alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar da aka yi wa, wanda ga yawancin mai dogon aiki makonni uku ne zuwa huɗu. Mu kuwa kwana biyu ake yankawa. Naman nan wa ke ci? 'Ya'yan mutane, har da namu da ke karatu a can. Kuma masana sun daɗe suna gargaɗi cewa irin wannan allura ta rabi da rabi ita ke koya wa ƙwayar cuta jure magani, har ranar da za a nemi ya yi aiki ya ƙi.

Ba za mu ɓoye namu ba. Wata shekara mun haɗa shanu 34 za mu kai kudu. A cikinsu akwai wani sa mai kyan gani da muka samu da araha, wanda in ya tashi daga kwance sai ya yi wani ɗan busasshen tari, ya miƙa wuya. Ma'aikacin da ya zo dubawa, yaro ne matashi, ya tsaya a kansa ya ce, "Baba, wannan ban yarda da numfashinsa ba, a ware shi." Muka ce ƙura ce. Ya nace, muka fi shi nacewa, muka haɗa shi da manya, har dai takarda ta fito. Da muka isa kasuwa ta faɗi, muka ƙi sayarwa, muka kai ragowar turken wani mai gidanmu su jira farashi. Kafin wata biyu ciwon huhu ya bayyana a namu da na mutane. Abin da muka yi asara ya ninka kuɗin san nan sau da yawa, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne mai gidan da muka shekara 15 tare ya daina amsa sallamarmu da fara'a. Haka ciwon huhu yake. Ta numfashi yake yaɗuwa, babu inda ya fi so kamar cikin tirela da turke inda hanci ke gogar hanci, yana iya ɓoyewa makonni kafin ya nuna kansa, kuma wadda ta warke a ido tana iya ci gaba da ɗauke da shi. Yaron nan ya faɗa mana gaskiya kyauta, muka biya kuɗi don kada mu ji ta.

Mu da muka zauna gaban malamai a Islamiyya ba mu da uzuri ko kaɗan. An karantar da mu a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da ikon mayarwa in ya gano. An karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar nono ya taru a hantsar dabba don a ruɗi mai saye, ya kuma hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Wato abin da Baturen wasan nan ya yi a gaban bijimi, wanda dillalinmu ya kira ɓata ciniki, darasinmu ne na allo da muka bari a makaranta.

DARASIN 2023

Wanda bai gamsu ba ya tuna abin da ya same mu a watan Yuni na 2023. Cutar saifa ta ɓulla a gundumar Binduri, maƙwabciyar Bawku, dabbobi suka mutu, har aka rasa ran ɗan Adam. Hukumar Jihar Gabas ta Sama ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi, ga Babbar Sallah ta ƙarato a ƙarshen watan. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Lokacin da muke jira shekara guda, lokacin da ake biyan bashi a ɗinka wa iyali, shi ne aka rufe. Wanda dabbarsa lafiya lau da wanda tasa ta kamu, duk hukunci ɗaya ya hau kansu. Labari ya ƙetare iyaka, hukumomin Najeriya suka gargaɗi jama'arsu, kuma a watan Yuli su ma suka tabbatar da cutar a wata gona kusa da Suleja.

Abin takaici, saifa ba baƙuwa ba ce, kuma maganinta ba a nesa yake ba. Ƙwayarta na kwanciya a cikin ƙasa shekaru masu yawa, ta jira dabba ta kiwo ta. Alamarta sananniya ce, dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa ya fito ta hanci ko baki ko dubura. Irin wannan ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, ba a cin namanta, ba a sayar da fatarta. A kira ma'aikaci, a ƙone ko a binne da zurfi. Allurar rigakafinta sau ɗaya ce a shekara, ana kuma yin ta a Pong-Tamale. Amma sau nawa muka ga an yi maza an sa wuƙa a wuyan saniyar da ke shure-shuren mutuwa don kada a ce mushe ce, aka raba naman da araha? Ranar nan an ceci kuɗin saniya ɗaya, an jefa kasuwar jiha guda cikin haɗari.

UZURIN DA AKE KAWOWA

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce, Alhaji, kana magana kamar ba ka san jari ba. Yawancinmu da kuɗin mutane muke juyawa. In likita ya ware maka shanu uku cikin mota, ribar tafiyar ta tafi, kuɗin tirela ba ya raguwa, kuɗin shingayen hanya ba ya raguwa, canjin sefa da sidi ga yadda yake. Wa zai biya ka? Za su ƙara da cewa ma'aikatan ba su da yawa, gunduma guda mai faɗi sai ka ga mutum ƙalilan, kuma tun da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihun gwamnati a shekarun 1980 da 1990 yawancin magani ya koma sai ka biya. Ƙasar nan ma ba ta fara horar da manyan likitocin dabbobi a jami'o'inta na Legon da Kumashi ba sai 2009.

Duk wannan gaskiya ne. Wasan ma bai ɓoye irinsa ba. A kashi na uku an nuna likitan yana gwajin tarin fuka na gwamnati, manoma suna gudunsa suna zaginsa, domin in an samu cutar a saniya ɗaya za a kashe ta a kuma rufe gonar, har abin ya zo kan gonar surukinsa. Ashe tsoron da muke ji su ma sun ji shi. Kada kuma kyan ciyawar da muka gani a akwati ya ruɗe mu. A 2001 ciwon ƙafa da baki, wanda muke kira ɓoru, ya shiga Ingila, sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6. Bambancinmu da su ɗaya ne mai girma. Can in hukuma ta kashe maka dabba saboda irin waɗannan cututtuka, ana biyan ka diyya. Mutumin da ya san ba zai tashi a tutar babu ba, shi ke da ƙarfin halin kiran likita. Wanda ya san asarar a kansa shi kaɗai za ta ƙare, ɓoyewa zai yi, ko da malami ne.

Saboda haka wa'azi kaɗai ba zai gyara mu ba. Sai mun sa faɗin gaskiya ya yi sauƙi a aljihu. Muna kira ga gwamnati ta yi nata, ta ƙara ma'aikata, ta ba su abin hawa, ta tsara diyya. Amma ba za mu naɗe hannu muna jira ba, domin shanun namu ne.

SHAWARWARINMU GA ƘUNGIYA

Na farko, a buɗe asusun asara. Kowane kan saniya da aka ɗora a mota a Bawku, Yendi ko Salaga a cire masa wani ɗan abu da taro zai amince da shi, kamar yadda muke cire la'ada ba gardama. Duk ɗan ƙungiyar da likita ya ware wa dabba, ko wanda ya kai rahoton mutuwar farat ɗaya da kansa, a rage masa asara daga asusun. Wanda aka kama ya ɓoye, babu ko sisi, kuma a sanar da sunansa a taro. A sa dattawa uku su riƙe, a riƙa karanta lissafi a fili duk wata uku, don kada asusun ya bi hanyar waɗanda suka gabace shi.

Na biyu, duba ya koma jajibirin lodi. A kira ma'aikaci tun shanu na turke, da rana, ya zagaya a natse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da doka ta ce a biya, a biya a karɓi rasit. Kuɗin man babur ɗinsa ya fito daga ƙungiya a bayyane, kada ya fito daga hannun mai shanu a ɓoye, domin wanda ya ci na hannunka ba zai iya kallon idonka ya ce a'a ba.

Na uku, kowace kara tamu ta samu ɗan shinge a gefe na ware marar lafiya, da wurin ruwansa dabam. Itace ne da igiya, bai fi ƙarfinmu ba.

Na huɗu, mu sa ranar allurar saifa da ta huhu cikin lissafin shekara kamar yadda muke sa ranar Sallah, mu kuma taimaka a kai ta ga makiyayan da muke saye a hannunsu kafin damina ta sauka. Lafiyar garken Bafulatani ita ce jarinmu na baɗi.

Na biyar, mu daina sayen magani a kan tebur. Ƙungiya ta nemi mai sayarwa mai lasisi, a riƙa saye a wurinsa, kuma duk dabbar da aka yi wa allura a shafa mata alama a faɗa wa mai saye ranar da aka yi.

Na shida, mu ƙulla magana da takwarorinmu na ƙetare. Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta fito da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, mai nuna yawan dabbobi da allurar da aka yi musu da hanyar da za su bi. A Janairun 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ƙungiyar. Wannan maganar shugabanni ce, amma cuta ba ta san an fice ba, ba ta kuma tsayawa a gaban kwastan. In saniya ta faɗi a Bitu da safe, ya kamata shugabanninmu a Bawku su ji kafin azahar, mu ma in ta faɗi a nan mu sanar da su. Waya na aljihun kowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na bakwai, wanda ba ya cin ko kwabo, mu girmama ma'aikacin da ya ce mana a'a. A kira shi taron shekara, a zaunar da shi a gaba, a yi masa godiya a bainar jama'a. Kuma cikin 'ya'yanmu da ke makaranta, mu tura wasu kwalejin Pong-Tamale da jami'a su karanto wannan ilimi. Yaron da ya tashi a turke, yana jin Hausa da Fulatanci da Kusasanci ko Dagwambanci, ya san saniya tun kafin ya san biro, babu wanda zai fi shi iya wannan aiki.

Daga ƙarshe, muna komawa ga ɗan'uwanmu na Yendi da ya ce bai taɓa ganin likita ba sai da hatimi. Mun tambaye shi, "Alhaji, cikin shekara 30 ɗin nan sau nawa ka kira shi ba ranar lodi ba?" Ya yi dariya ya ce a bar maganar. To mu dai ba mu bar ta ba, mun kawo ta gaban 'yan'uwa. Muna roƙon shugabanni su sa maganar asusun nan cikin ajandar taro mai zuwa, wanda ke da gyara ko suka ya rubuto a fitowa ta gaba, za mu karanta da zuciya ɗaya. Wanda kuma bai kalli wasan ba ya nema ya kalla, ya yi dariyar karen attajira, amma in an zo wurin bijimi ya tambayi kansa wane gefe zai tsaya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cinikinmu, ya ciyar da mu halal. Amin.

Wassalam. Daga ɗan'uwanku mai fataucin shanu, Bawku.